Minsharin da ke Waƙa ta Huɗu

Kaset ɗin barkwancin nan da muka yi ya dawo, kuma ni ban roƙi Allah ya dawo da shi ba. Fiye da shekara ashirin yana kwance, sai wani marar aikin yi ya tono shi a kwalin tsofaffin kaya, ya juye shi a waya. Yanzu ga shi a wajen masu shayi, ga shi a bakin 'yan acaɓa. Har guruf suka buɗe masa, suka jefa ni ciki ba tare da an tambaye ni ba. Suna kirana Baba, suna musu da ni a kan abin da aka yi a gabana.

Mu uku muka yi shi. Ni ina da rumfar sayar da kaset a bakin tasha a Gusau, makaranta kuwa a aji biyu na sakandare muka rabu da ita, ba wanda ya yi kewar wani. Ni ke tsara baituka. Mai waƙar kwandasta ne, mutumin Bungudu, wanda Allah ya ba maƙogwaro: ya ji makaɗi sau ɗaya, sai ya mayar maka da muryarsa har da tarinsa. Na ukun mai fiyano ne a Tudun Wada, ɗakin kwanansa ne situdiyon, da katifa muke toshe taga. Dabarar ba ta da wuya. A ɗauki kiɗan fada, a cire sarki a sa mai shayi. A ɗauki kiɗan dambe, a cire gwarzo a sa ɗan kamasho mai gudun akuya.

'Yan guruf ɗin nan ba abin da ba su tono ba. Bangon kaset ya ce waƙa takwas, a ciki bakwai ce, wai hukuma ce ta hana ta takwas ɗin. Hukuma ba ta ma san muna duniya ba. Mai fiyano ne ya goge ta da kuskure bayan an riga an buga bango. Wai kalangun waƙa ta uku wani babban makaɗi ne daga Tsafe ya kaɗa a ɓoye. Jarkar manja ce da ludayi. Mutum na huɗu da ya juya baya a hoton bango, wai wani attajiri ne da ba ya son a gane shi. Mai gyaran janareta ne, bai ma san ana ɗaukar hoto ba. In na faɗa musu, sai wani ya rubuto, "Baba, anya ba mantuwa ba ce?" To, su je su tambayi jarkar.

Duk wannan bai dame ni ba. Waƙa ta huɗu ce ta dame ni.

Kiɗan noma muka juya a cikinta. Inda makaɗi ke kiran gwarzon manomi ya tashi ya kama kuyya, mu muka sa raggon da ke barci a gindin itace, ciyawa ta cinye gero. Duk inda ya kamata 'yan amshi su amsa, sai a ji minshari. Minshari mai kyau kuwa, mai ja da saki, da ɗan fito a ƙarshe. Ita ce ta sayar da kaset ɗin. Tun wancan lokaci ake musu: kwaikwayo ne, ko mutum ne na gaske ke barci? Amsata ɗaya ce shekara da shekaru. Mai waƙar ne ya yi da hancinsa.

Ƙarya nake yi. Minsharin taubashina ne.

Ɗan gwaggona ne, a 'Yandoto yake, ya girme ni da shekara biyu. Wanda bai san taubasantaka ba zai ce abokan gaba ne mu. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "bawana", ni ma haka. Ba na shiga gidansu in fito in tarar da takalmina inda na bar su: ko suna kan rumbu, ko a wuyan jaki. Ni kuma na taɓa zuba masa barkono a tabar gari ranar ɗaurin aurensa. Ba mai fushi, ba mai shiga tsakani. Amma wasan yana da doka ɗaya wadda kowa ya sani ko ba a faɗa ba: a gaban mutum ake yi, kuma in ka yi sai ka tsaya ka ce kai ne. Daɗin ke nan.

Kuma manomi ne na gaske. In an yi gayya, bayansa mai ganga ke bi. Yatsa shida gare shi a hannun hagu, makaɗa har kirari suke masa da shi.

Wata damina na je ƙauye lokacin maimai, da 'yar rikoda a aljihu, don a lokacin ba na rabuwa da ita. Kwana uku yana fama da zazzaɓi, amma ya ƙi zama gida. Kafin azahar ya yi kuyyoyin da ni ba zan yi a mako ba, sannan jiki ya kayar da shi a gindin tsamiya. Na lallaɓa na kanga masa rikoda a hanci. Gwaggo tana gefe tana dama fura, ta yi mini faɗa, na yi dariya. Wallahi niyyata ranar Sallah in kunna masa a zaure a gaban 'yan'uwa, a yi dariya, ya rama. Wannan hakkina ne.

Sai ranar ɗaukar waƙar, mai waƙar ya gwada minshari ya gwada, yana fitowa kamar kukan rago. Na ce ina da magani. Na kawo kaset ɗina, na ce wani fasinja ne na ɗauka a tasha. Ban tsaya nan ba. Na ƙara baiti biyu: gonar da ke bayan tsamiya biyu, da mai yatsa shida wanda ko ɗaya bai taɓa riƙe fartanya ba. Mai waƙar da mai fiyano sun ɗauka ƙirƙira ce, har suna yaba mini kai. A raina kuwa cewa nake, ai taubashina ne, ina da izni. Ban yi tunanin cewa iznin na zaure ne ba, ba na kowace mota da ke tashi daga Gusau zuwa Tsafe ba.

Kafin kaka duk yankin an gane shi. A wajen gayya, da ya sunkuya sai samari su fara minshari daga baya. Mai ganga ya ɗauko kirarinsa, mata masu kawo abinci suka fashe da dariya, daga ranar mai ganga ya koma bin wani. Shi ma bai ƙara zuwa gayya ba. Mutumin da ake aikowa daga ƙauyuka uku a roƙa ya zo.

Ya same ni a rumfa wata ranar kasuwa. Bai zauna ba.

"Bawana, kai kay yi?"

Da na ce ni ne, da ya zage ni, wataƙila ya kife mini tebur, wata biyu a shirya. Amma na ga idonsa, kuma akwai mutane a rumfar. Na ce, "Ni? Ranar ma ba ni nan. Ɗan Bungudun nan ne. Ya ji labarinka a mota, ya tsara abinai, ya yi minsharin da hancinai. Sai da kaset ya fito na ji."

Ya yarda nan take. Ba wauta ba ce. A saninsa taubashi ba ya ɓoye wasansa, in ni ne da tuni na zo har gida ina yi masa gwalo. Da al'adar na cuce shi, da ita kuma na rufe bakinsa.

Daga nan ya ɗauke wa mai waƙar gaisuwa. In motarsu ce a kan layi, sai ya jira ta baya. Mai waƙar, bawan Allah, ya zo yana tambayata, "Wai mi niy yi ma ɗan'uwanka? Na gaishe shi sau ukku, kamar da bango nike magana." Na ce rabu da shi, girman kai ne na mutanen ƙauye. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mai waƙar ya rasu, ciwon ciki ya yi ajalinsa. Na aika wa taubashina. Bai zo jana'iza ba, bai zo gaisuwa ba. Ni kuwa na tsaya a sahun gaba, har da ni aka sa shi a kabari. Daga ranar ƙaryata ta samu wurin zama, don wanda zai ƙaryata ni yana ƙasa, mai fiyano kuwa taubashina bai ma san shi ba.

Watan jiya wani malamin makaranta a guruf ɗin ya ce ya wanke sautin waƙa ta huɗu da kwamfuta. Ya ce a sa abin kunne a saurara da kyau, a minshari na uku akwai muryar mace daga nesa. Da, a cikin ƙarar mota da tsohuwar lasifika, ba mai jinta. Na ari abin kunne na sa. Ga ƙarar ludayi a ƙwarya. Ga gwaggo, wadda ta shekara goma sha biyar a kabari: "Kai, bar shi ya huta, jikinai da zahi tun shekaranjiya."

'Yan guruf suka hau musu, wasu na cewa matar mai fiyano ce, wasu na cewa rediyon maƙwabta ne. Ni na san mijin 'yar taubashina yana cikin guruf ɗin. Yau ko gobe wani zai sa masa abin nan a kunne, kuma ba mutumin da ba ya gane muryar uwarsa. Kada a ce tuba ce ta kai ni 'Yandoto. Tsoron a riga ni ne.

Na shiga motar safe. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure ƙotar fartanya, gemu duk ya yi fari.

"A'a, bawana, wa yas sake ka da sassafe? Ko tuwon birni ya ƙare?"

Ban rama ba, sai ya ɗago ya dube ni. Na zauna, na sa masa abin kunne, na kunna. Da ya ji kiɗan ya kai hannu zai cire, na riƙe hannun. Mai yatsa shidan. Na ga lokacin da muryar ta iso masa, don bakinsa ya ɗan buɗe.

"Maido."

Na mayar. Sau huɗu yana cewa in mayar. Sannan ya cire ya miƙo mini.

"Inna ta."

"Ita ta."

"Da kai take magana."

"Da ni. Ni niɗ ɗauka, ranar da kaf faɗi gindin tsamiya. Baitukan ma ni niy yi."

"Marigayin hwa?"

"Bai san kai na ba. Har ya mutu bai san mi yay yi maka ba."

Na jira zagi. Na ma fi son ya ɗauki ƙotar nan ya buga mini. Sai ya tashi ya shiga gida, ya daɗe, ya fito da babbar riga da hula.

"Malam, ka san gidansu a Bungudu?"

Tunda aka haife ni bai taɓa ce mini Malam ba.

Muka shiga mota zuwa Gusau, muka sake wata zuwa Bungudu. Yayan marigayin muka tarar a zaure, tsoho mai fara'a. Taubashina ya durƙusa ya yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ya ce ya riƙe ƙaninsa a zuciya shekara da shekaru a kan laifin da bai yi ba, ya zo neman gafara. Tsohon ya rasa gane kan zancen, ya ce ai ba komai, Allah ya yafe mu duka. Da ya gane ni sai ya hau dariya, ya ce jikokinsa kullum suna kunna kaset ɗin.

"Minsharin nan hwa," in ji shi, "duk ƙasar ga ba mai iya shi sai ƙanena. Da hanci kawai!"

Na buɗe baki, taubashina ya dube ni, na rufe.

"Ya iya ƙwarai," in ji shi. "Allah ya jiƙan shi."

A tashar Gusau muka rabu. Ya ce in sa a yanko masa wurin da Inna ke magana, ban da minsharin, a tura a wayar 'yarsa. Na ce to. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yahe, Malam. A gaida gida." Ya shiga motar Tsafe.

A guruf ban ce komai ba. Har yanzu rinjaye na wajen masu cewa matar mai fiyano ce, mutumin da bai yi aure ba sai bayan shekara shida da fitar kaset ɗin.

Makon da ya wuce aka yi sunan jikarsa, na je. Ya taso ya tarbe ni, ya shimfiɗa mini tabarma mai kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini nama a kwano mai murfi. Na daɗe a zaune da gangan, har baƙi suka watse. Da na fito, takalmina suna bakin ƙofa inda na bar su, an ma jera su.