Ƙyallayen Wuya na Mairama Tela

Kullum kafin motocin ma'aikata su fara sauke mutane a Sharada, Mairama tela ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta da ke cikin wani kamfanin roba. Ni ne mai gadin ƙofar, shekara goma sha tara ina ganinta. Ita ke ɗinka wa mata rigar aiki. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta awo. Ƙyalle take yankewa daidai wuyan mace, ta sa masa alamar mai shi, ta rataye a ƙusa. Duk shekara sabo.

To, mace cikin hijabi take wuni, ba mai ganin wuyanta sai tela. Mairama ce ta lura ƙyallayen wasu suna ƙara tsawo, alhali masu su ramewa suke. Maƙoƙo ne ke girma a ɓoye, kowace tana rufe nata don kada a sallame ta.

Ranar da Badi'a, mai aiki a injin yanka, ta faɗi a bakin ƙofata, hannu na rawa, gumi ya jiƙe ta, Mairama ce ta kai ta asibiti. Can Dakta Sadiq ya gaya wa Mairama ya daɗe yana neman kuɗin bincike kan wannan ciwo, masu bayarwa suna cewa ba shi ne a gaba ba, tunda ba a nuna musu yawan masu fama da shi ba.

Ta ce, "Yawa kuke nema, likita? Yana nan rataye a ɗakina."

Magana ta kai kunnen manaja Ashafa. A gabana ya tare Mairama.

"Iya, ɗinki muka ba ki ko asibiti? Ƙyalle ɗaya ya fita ƙofar nan a ce mu ke sa ciwo, ki nemi wani wurin."

"Ranka ya daɗe, ban ce ku ne ba. Likitan ma bai sani ba, shi ya sa yake so a bincika."

Ya juyo gare ni. "Malam, daga yau ka riƙa duba jakarta."

Sati biyu ina dubawa, ban ga komai ba sai zare da almakashi. Ashe bin matan take ɗaya bayan ɗaya tana neman yardarsu. Wadda ta ƙi, ta bar nata a ƙusa. Wadda ta yarda, ta jera nata shekara bayan shekara, ta cire alamar. Ran wata Alhamis ta zo ƙofa, ta buɗe jakar da hannunta. Ƙyallayen mata arba'in da uku ne a ciki.

Na kawar da kai. Ta ce, "A'a, Malam, duba da kyau. Ka je ka faɗa masa ka gani. Kana da iyali, ba za ka yi ƙarya saboda ni ba."

Na je na faɗa. Washegari aka sa wa ɗakinta kwaɗo.

Mairama, ke ce kika ga abin da mu masu tsaron ƙofa muka kasa gani. Ke ce kika rufa wa mata asiri, kika tona wa ciwon. Uwar masu rufe wuya, mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ƙyallayen nan ta kai wa Dakta Sadiq, yanzu suna gaban masu raba kuɗin bincike. Wata biyar ke nan, shiru. Ku da kuke da karatu da kujera, da ku nake: tsohuwa ta ba da abincinta don ku samu abin ƙirgawa. Ku ƙirga. Sauran masu sana'a kuma, tela ne ko wanzami, kowa ya dubi abin da hannunsa ke taɓawa, in ya ga ba daidai ba ya faɗa.

Badi'a tana shan magani, ta koma bakin injinta. Mairama ta ja kekenta zuwa zaurenta a Zawaciki. Duk Lahadi matan kamfani suna zuwa can, ba don ɗinki ba. Su ɗaga hijabi, ta auna, ta yanka, ta rataye.