Daren da Balkisu ta Zauna a Wurina

Waɗanda ke tsakar gida a daren nan ban manta ko ɗaya ba. Akwai kakarmu Inna Ige, da Gwaggo Dije tana kaɗi a gefe, da ƙanena Sani, da Hassi, Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda rafi ya cika ya hana ta komawa ruga. Sai ni. Sai kuma Balkisu, ɗiyar kawuna direban babbar mota, da aka kawo daga Gusau ta yi mana kwanaki a ƙauyenmu na ƙasar Tsafe.

Gidanmu da tsari yake. Jikan da ke zama a damar Inna shi ke iza mata wuta, shi ke juya masara, shi ke fara amsa tatsuniya. Wurina ne tun da na yi wayo. Amma a wajen Inna baƙo yana gaban ɗan gida. Ana idar da lisha ta ce, "Ladi, gusa, baƙuwa ta ji ɗumi."

Na gusa, na koma inda hayaƙi ke bi.

Bakin Balkisu ma ya fi zaman ci mini rai. Ubanta kan sa ta gaban mota su ratsa ƙasa. Wai ta ga ruwan Ikko da ba a hango ƙarshensa. Ta ga inda manyan koguna biyu suka haɗu a Lakwaja. A Jos, in ka yi magana da safe sai tururi ya fito maka a baki. A kurmi ta ga goro a kan itacensa, da mata masu ɗaurin kai kamar faifai, suna wani harshe da ba ta tsinci ko kalma ba. Inna, wadda ba ta bari a kai ƙarshen zance a gabanta, sai ga ta ta saki baki: "To hwa! Sai kuma mi?"

Na ce, "Ƙarya ce. Ruwa ba ƙarshe? To ina kifi ke juyowa?"

Hassi ta bushe da dariya. Gwaggo ta ce, "Ke Ladi, wanga ruwan idon na hayaƙi ne ko na haushi?"

Inna ba ta tsawata ba. Tatsuniya ta ɗauko, ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta hanya." Kafin in buɗe baki Balkisu ta amsa, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Wai Shamuwa ce, duk faɗuwar damina sai ta sauka a kan kuka, tsuntsaye su kewaye ta suna jin labarin ƙasashen da ta keta. Zabuwa kuwa ba ta taɓa wuce bayan gona ba. Abin ya dame ta, ta rantse bana sai ta bi Shamuwa. Ranar tashi ta buga fiffike, ba ta tsallake rafin farko ba ta faɗa cikin laka. Shamuwa ta juyo ta jawo ta, ta ce, "Ke kin san abin da nake faɗi in na je can? Labarin nan nake kai musu. Ina ce musu akwai dutse mai mikiya a Kwatarkwashi, akwai itace mai kamar an dasa shi kai ƙasa, akwai tsuntsuwa mai zanen da masaƙi bai iya ba. Ce mini suke ƙarya ce."

Inna ta tsaya nan, ta ce, "Ƙurunƙus, ta ƙare. Ba don gobe da surfe ba da na ja mata wutsiya." Ta ɓare masara ta fara miƙa wa Balkisu.

Yanzu ni ce kakar. Ban taɓa wuce Funtuwa ba, Balkisu kuwa aure ma sai da ya kai ta Fatakwal. Jikokina kan nuna mini a waya giwayen Yankari da tsaunukan Mambila, su ce baƙi daga nesa ke zuwa kallo. Ina duba, kuma ba zan ɓoye ba, haushin nan yana taso mini kamar da. Amma in ɗayansu ya ce mu nan Zamfara ba mu da abin gani, sai ya ji bakina. Na daɗe ina zaton haƙuri Inna ta ba ni a daren nan. Da na tsufa na gane aiki ta ɗora mini. Matafiyi idonsa kawai ya kawo; in babu ɗan gida da ya san wurinsa, me zai gani, me zai je ya faɗa?

Wannan duk daga baya ne. A lokacin wurina kawai nake so.

Washegari, ana sallame asuba na zare wa Balkisu mayafi. Na sa ta cire takalmin Gusau, na ja ta har dutsen bayan gari. Tana haki tana roƙon mu koma, ban saurare ta ba sai da muka hau. Na nuna mata kwarmin da ruwansa ba ya ƙafewa, da birai suna gangarowa satar gero, da shanun su Hassi can ƙasa kamar an watsa auduga. Ta riƙe mini zane, bakinta a buɗe.

Na ce, "An jima Inna za ta tambaye ki mi kika gani. Ki fara da wadda ta kai ki."