Gambar da Na Tumɓuke a Gonar Gandu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da daminar da aka damƙa mini gonar gandunmu ba. Mahaifinmu ya rasu da rani, 'yan'uwa suka ce tunda ni ne mai digiri, in riƙe. Gidanmu kaf, can bayan Gezawa, da gonar nan muke ci.

A lokacin ina karanta wani littafin Turanci kan wata ƙasa da aka ci da yaƙi, aka turo farar hula daga waje su mulke ta. Marubucin bai raga musu ba. Sun killace kansu a bayan katanga, sun sallami ma'aikatan da suka san kan ƙasar, suna ta kafa doka ba su tambayi kowa ba. Da la'asar nakan zauna gindin darbejiya ina fassara wa Baffa, ƙanin mahaifina, tsohon soja. Ina karantawa ina tsaki, ina cewa, “Kai, waɗannan akwai wawaye!” Shi dai sai ya gyaɗa kai.

To ni gwanin, me nake yi a gona? Akwai layin ciyawar gamba da ya ratsa ta tsakiya, na ce yana cin wuri, na sa aka tumɓuke. Na kawo tarakta ta yi huɗa sambal daga tudu har gangare. Baffa ya ce, “Da ka bar gambar nan.” Na ce, “Haba Baffa, noman zamani ne fa.” Ban ko tambaye shi dalili ba.

Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai ran nan da azahar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka je. Innalillahi! Ruwan ya bi kunyoyin nan ya kwashe tsiron, ya haɗa da takin da jakuna suka yi rani suna kaiwa, ya jibge a gonar maƙwabci. Na tsaya cikin yashi, wallahi ƙwalla ta cika mini ido.

Baffa ya dafa kafaɗata. “Malam mai littafi, mutanen nan na cikin littafinka, sun taɓa tambayar dalilin abin da suka tarar?”

Na ce a'a.

“To kakanka ne ya dasa gambar, shekarar da ruwa ya yi masa irin wannan.”

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Sati nawa ina zagin mutane a takarda, ashe halina nake karantawa.

Mun sake shuka, amma ta makara. Rabin rumbu muka samu, na ga Inna, mahaifiyarmu, tana rage tsabar tuwo. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da hannuna na sake dasa gambar. Tun daga ranar, duk inda aka ba ni riƙo, ba na cire abin da na tarar sai na nemi wanda ya san dalilin sa shi.