Kawu Ɗan-Ladi da Baƙinsa na Kurmi

Duk wanda ya san Kawu Ɗan-Ladi, yayan mahaifiyata, ya san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya yayyafa wa kwaɗinsa ruwa. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne, kore shar, masu hawan ganyen ayaba a garkarsa ta Badagishiri. Ya ce cikin ganyen goro suka zo daga Kurmi, kuma duk kwarin nan babu irinsu sai a inuwarsa. Kullum hankalinsa a tashe: rana za ta kashe su, iska za ta kashe su, mu ma ba a yarda da mu ba.

Ranar da maƙwabcinsa Alhaji Sama'ila ya zo feshin maganin ƙwari, Kawu ya tsaya a kan iyaka, ya ware babbar rigarsa yana tare iska.

"Ɗan-Ladi, mi kaka yi?"

"Baƙi gare ni. Kai in kat tai garinsu, hakanga kaka so a tarbe ka?"

Dole Alhaji ya jira iska ta juya.

Masu kama kwaɗi suna ƙyafewa kuwa, da suka zo da buhunansu sai ya ce musu aljannu ne a garkar. Ɗayansu ya ce, "Baba, kai ba su taɓa ka?" Kawu ya ce, "Diba ni da kyau." Ba su sake zuwa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a likita, ya riƙe hannun babban ɗansa Hamisu. "Kwaɗon garka, kak ka bari shi bushe." Hamisu a Malbaza ya tashi, bai san dawan garin ba. Ya je ya ɗura wa kwaɗon ƙyauren garkar man inji har yana ɗiga, ya dawo yana murna. "Baba, yanzu ko yaro na buɗe shi." Kawu ya juya ya fuskanci bango. Muka yi dariya har da hawaye. Kawu dai bai yi ba.

Yanzu da Kawu ya rasu, magada suna maganar sare ayaba da mangwaron garkar su dasa albasa. Ni ɗan mace ne, ba ni da ta cewa, kuma gobe za su zauna. Jiya na ɗaga ganyen ayabar, kwaɗi kaɗan na gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shi a inuwar da ba a sarewa. Waɗannan da ya bari kuma, ya Allah, ka tausasa musu zuciyar Hamisu.