Shayin Da Na Ajiye Cikin Atamfofina

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin Birtaniya take ta tsuke bakin aljihu, ina aikin bincike a wata jami'a da ke kan Oxford Road a Manchester. Kusan kowane wata sai an yi wa wani walimar bankwana da biskit da lemo. Cikin waɗanda abin ya shafa har da ƙawata, wata 'yar China da muke zama a tebur ɗaya. Ba a sabunta mata kwantiragi ba, da ƙyar ta samu wani aikin a Birmingham.

Ɗakin da ta kama a can, a unguwar Aston, danshi gare shi, bangon har baƙi-baƙi yake yi. Shi ya sa ana gobe za ta tashi ta zo gidana a Whalley Range da wani abu naɗe cikin farar takarda, ta ce amana ta kawo mini. Na buɗe na ga wani baƙin abu mai tauri, zagayayye, faɗinsa bai wuce murfin ƙaramar tukunya ba. Da a hanya na gan shi, rantsuwa zan yi busasshen kashin shanu ne. Ta ce shayi ne.

Mahaifinta manomin shayi ne a duwatsun kudancin ƙasarsu. Ta ce ganyen ake tsinkowa, a ɗan juya shi a babban kasko mai zafi, a murza, a shanya a rana. Sai a turara shi ya yi laushi, a ƙulle a ƙyalle, a ɗora dutse, mutum ya hau ya danne. Daga nan sai ajiya. Sabonsa ɗaci da bauri gare shi, amma shekaru suna tafiya yana nuna a hankali, ruwansa ya koma ja, ya riƙa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Na tambaye ta ko yana bugarwa, don ni da zarar an ce abu ya daɗe ya canja, giya hankalina yake tafiya. Ta yi dariya ta ce ko kaɗan. Na ce ashe dai daddawar Sinawa ce.

Wannan shi ne na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda mahaifinta ya danne da ƙafarsa kafin ya rasu. Jira take mahaifiyarta ta samu biza ta zo, su ɓare shi tare. Ta kafa mini sharuɗɗa: kada ya ga rana, kada ya shiga firij, kada na sa shi a leda domin numfashi yake yi, kuma kada ya kusanci kicin, don ganyen yana zuƙar duk abin da ke cikin iska. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni ba a koya mini riƙon amana.

A gidanmu abu mai daraja wurinsa ɗaya ne, ƙasan akwati, tsakanin atamfofi. Can mahaifiyata take ajiye sarƙarta da takardun gida. Ba tare da wani dogon tunani ba na shimfiɗa shayin a tsakiyar atamfofina na fita biki, na rufe, ina jin daɗin na karrama baƙo. Kowace Juma'a kuwa sai na fito da kayan nan na turara su da turaren wuta, na mayar suna ɗumi. Ga kwalaben humra a gefe. Ni kifi da daddawa nake tsare shi daga gare su. Turaren gidana hancina ya daɗe da daina jin sa.

Maigidana ya taɓa tankawa sau ɗaya. Ya ce, "Anya shayin nan ba zai koma humra flavour ba? Ko postman fa ya san ƙamshin flat ɗin nan." Na ce masa ya tsaya a aikinsa na asibiti, ya bar mini harkar ajiya.

Sai da aka yi shekara da 'yan watanni kafin mahaifiyar ƙawata ta iso. Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da shayin a jakata, ina ta taƙama takardar ko yagewa ba ta yi ba. Na tarar da tsohuwa 'yar ƙarama, ba ta jin Turanci, ta kama hannuna da hannu biyu tana ta godiya.

Ƙawata ta sa wata siririyar wuƙa ta ɓamɓaro ganye kaɗan daga gefe, ta zuba a 'yar buta wadda ba ta fi ƙoƙon hannu ba. Ta zuba tafasasshen ruwa, nan take ta tsiyaye ta zubar, ta ce wannan wanki ne, farkar da ganyen ake yi. Sai ta ɗaga murfin ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ni ma daga inda nake zaune tururin ya iso ni, kuma a karon farko cikin shekaru na ji ƙamshin kaina.

"Ƙamshin rigarki ne," ta ce, a hankali.

Na fara ba da haƙuri, har na yi wautar cewa zan nemo wani ko nawa ne. Ta girgiza kai kawai, ta ci gaba da zuba ruwa tana tsiyayewa cikin ƙananan kofuna. Tsohuwar ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta faɗi wata gajeriyar magana da yarensu. Na tambayi abin da ta faɗa, ƙawata ta ce na sha shayina kafin ya huce. Sau takwas aka zuba wa ganyen nan ruwa, turaren yana raguwa amma bai tafi ba. Tsohuwar ce da kanta take cika mini kofi, kuma ba ta bar ko ɗigo a nata ba.

Ni da ƙawata ba mu ɓata ba, har yau muna zumunci. Amma tun daga ranar, in aka ba ni ajiya ina tambayar mai abu yadda yake so a riƙe masa, na daina yi masa irin gatan da nake yi wa nawa. Ban yi sakaci da shayin nan ba, kulawata ce ta lalata shi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Bayan tsohuwar ta rasu na kira ƙawata na yi mata ta'aziyya. Muna cikin hira na sake tambayarta abin da mahaifiyarta ta faɗa a ranar.

Ta ce, "Cewa ta yi, wannan ba shayin mahaifina ba ne. Sannan ta ce kada na gaya miki, kin yi doguwar tafiya."