Anti Mai Kati, Wadda Ta Riƙe Mana Sunayenmu

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa asibiti. Ta buɗe ɗakin kati, ta ɗaga tagar katako, ta jera fayil ɗin waɗanda likita ya ce su dawo ranar. Kafin layi ya haɗu tana da minti ashirin nata na kanta. A cikinsu take zama kan kujerar roba, ta saka tabarau, ta buɗe wayarta mai tsagaggen gilashi, ta karanta abin da muka rubuta. Shekararta talatin da ɗaya a ɗakin kati, shekararta tara tana kula da zaurenmu na intanet. Ƙarshen watan nan za ta ajiye duka biyun, domin ido ya fara gazawa.

Zauren na masu jinyar iyaye ne, waɗanda rikicin tsufa ya kama. Ita ta buɗe shi bayan rasuwar mahaifinta, wanda ta yi wa jinya shekara shida. Mu ɗari huɗu da wani abu ne a ciki, kuma in ban da masu ba da shawarar magani, ita kaɗai ce da sunanta na gaskiya da hotonta. Sauranmu kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa: akwai Gajiyayye, akwai Ɗiyar Baba, akwai wani da ya kira kansa Mai Wankin Zanin Gado. Kafin ta saka mutum sai ta kira shi ta ji muryarsa, ta san ko wane ne. Daga nan maganar ta tsaya a wurinta.

Ni na shiga ne lokacin da Inna ta daina gane ni, ta koma kirana da sunan ƙaninta da ya rasu. Abu na farko da na rubuta shi ne na gaji, kuma wata rana ina jin tsoron shiga ɗakinta. Da sunana ne a sama, da ban rubuta ba, don ina da 'yan'uwa, ina da surukai. Mutum goma sha ɗaya suka amsa mini a ranar, ba wanda ya ce mini ɗan banza. Wata ta koya mini yadda ake yi wa tsohuwa wanka ba tare da an yi kokawa ba.

A shekara ta biyar aka samu matsala. Wani mai kiran kansa Dokta ya shawarci wani direba ya ninka wa mahaifiyarsa maganin barci. Tsohuwa ta yi kwana biyu ba ta farka sosai ba, sai da aka kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma direban ya dawo zaure ransa a ɓace. Ya ce daga yau kowa ya fito da sunansa da fuskarsa, wanda ya ɓoye suna ba shi da kunyar yin ƙarya. Mutane da yawa suka goya masa baya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Wasu kuma suka ce ranar da aka bayyana suna, ranar za su fita. Mako guda ana ja.

Da kowa ya gama, sai Anti ta tanka. Ta fara da amsa laifinta: ta san mutumin mai shagon magani ne ba likita ba, ta ga sunan da ya saka, ta ƙyale. Ta cire shi, ta je har gadon asibitin da tsohuwar ke murmurewa ta ba direban haƙuri. Sannan ta rubuta abin da ya zama dokarmu: "Wanda ya zo da kuka, ya ɓoye sunansa. Wanda ya zo da magani, ya kawo mini takardarsa in gani, kuma ya yi magana da sunan da ubansa ya raɗa masa." Kusan mutum arba'in suka fita don ba a yi yadda suke so ba. Ba ta roƙi kowa ya dawo ba.

Bayan wata uku sai ga ɗaya gefen matsalar. Wata mai suna Ƙanwar Uku ta rubuta cewa ita kaɗai ke jinyar mahaifinsu, yayyenta maza uku sai dai su leƙo a ƙarshen mako su kawo lemo. Ta ce ranar nan ta daka masa tsawa, ta kulle shi a ɗaki ta tafi kasuwa, ta dawo ta same shi yana kuka, kuma tun ranar ba ta iya cin abinci. Wani ya ɗauki hoton rubutun ya fitar waje, ya yi ta yawo a wayoyi.

Matar da ke sharar ɗakin kati ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Wani mutum ya zo tagar da safe, ya tsallake layi, ya tura wayarsa gaban Anti, ya ce ta faɗa masa wace ce ta rubuta wannan. Yana zargin ƙanwarsa ce, kuma in ita ce sai ta bar gidan. Anti ta ce ba za ta faɗa ba. Ya ce zai kai ƙararta wurin shugaban asibiti. Ta ce ofishinsa na sama, ƙofa ta biyu.

"Alhaji," ta ce, "in ka karanta ka ga kamar gidanku ne, to gidan za ka je ka duba, ba wayata ba. Yaushe rabonka da ka yi wa Baba wanka?"

Ya kai ƙarar kuwa. Aka ba ta takardar gargaɗi kan kawo harkar waje wurin aiki, ita kaɗai a fayil ɗinta cikin shekara talatin da ɗaya. Ta karɓa, ta sa hannu. Har yau ba ta ce ƙanwarsa ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Na taɓa tambayarta cikin raha, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai ma so kake in faɗa wa wani naka?" Abin da muka sani kawai, Ƙanwar Uku ba ta bar zaure ba, kuma mahaifinta ya rasu a hannunta bayan shekara biyu.

Anti, ke ce rumbun sirrinmu. Kin san malamin makarantar da ke kiran kansa Gajiyayye, kina haɗuwa da shi a layin kati, ki miƙa masa fayil kamar ba ki taɓa jin kukansa ba. Ke ce kika fito da sunanki fili domin a samu wanda za a zaga in abu ya ɓaci, kuma an zage ki, kin shanye.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ce za ta gaje ta. Anti ta ƙi miƙa mata jerin sunayenmu kai tsaye. Tun watan jiya take kiranmu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko mun yarda a ba sabuwar. Wanda ya ce a'a, ta goge lambarsa. Ta kai mutum ɗari uku, tana yi a lokacin hutun rana.

Mun gode, Anti. Allah ya ba idonki lafiya, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika koya mana mu yi wa namu iyayen. Ku kuma masu riƙe da zauruka, babba ko ƙarami, ku san mutanenku, ku tambayi mai ba da shawara takardarsa, ku rufa wa mai kuka asiri. Jiya Anti ta kira ni, ta tambaye ni ko ta ba sabuwar sunana. Na ce ta bayar.