Baba Kaset da Kwamfutar da Ta Cika

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shiga aikin gidan rediyo tun yana saurayi da burin wata rana a ji muryarsa. Ba a taɓa ji ba. Yana da 'yar i'ina, don haka aka ce ya ɗan riƙe ɗakin ajiyar kaset kafin a ga abin da hali zai yi. Riƙon nan ne ya kai shi har furfura. A wurin aiki ba mai kiransa da sunan yanka, Baba Kaset kawai.

Ɗakin ba shi da taga. Kantoci ne na ƙarfe har rufi, cike da kaset da manyan faya-fayai: wasannin kwaikwayo, hira da tsofaffi, waƙoƙin mata, shirye-shiryen yara. A bayan kowanne akwai rubutun hannun wanda ya ɗauko shi, kuma yawancin masu rubutun sun rasu. Shagon ɗinkina yana kusa, shi ya sa matarsa, da muke kira Anti, take aiko abincinsa ta hannuna. A haka na ga abin da ya faru.

Sabon manaja ne ya zo da shirin mayar da ɗakin situdiyo. Ya ce akwai kamfanin da zai kwafe muryoyin zuwa kwamfuta, amma sai abin da aka shigar a jadawali da lamba da suna da shekara. Abin da bai shiga ba kafin magina su zo, kwashe shi za a yi. Aka ba Kawu wata tsohuwar kwamfutar tebur, aka buɗe masa manhajar nan mai layuka da gidaje, aka nuna masa inda zai rubuta.

Da yatsu biyu yake bugawa, yana laluben kowane harafi. Amma bai tsaya ga abin da aka nema ba. Kowane kaset sai ya ɗauki hoton bayansa da waya ya liƙa a gefen layinsa, ya kuma shafa wa dogayen layukan launi tun daga sama har can ƙasa inda ba rubutu. Da farko abin ya yi kyau, har yana kiran mutane su gani. Daga baya kwamfutar ta fara nawa. Sai ya danna, ya ci loma uku, sannan ta amsa. Can sai ta fara fito da saƙo cewa memori bai isa ba, a rufe wasu abubuwa.

Kawu bai gaya wa kowa ba, yana gudun a ce tsufa ne ya hana shi iyawa. Ya goge duk abin da ya gani a cikinta wai don ya samar mata wuri, har da hotunan bikin autarsa da ya ajiye a ciki. Ya kawo fanka daga gida ya saita mata, a zatonsa zafi ne. Anti ta ce mini ko ita da ta haifa masa 'ya'ya bai taɓa yi mata fifita haka ba. Dariya muka yi, amma kular abincin haka nake mayar da ita kusan a cike.

Wata rana da rana na tarar da shi zaune, hannu a kan gwiwa. Kwamfutar ta daskare, ya kashe ya kunna, sai ya ga ashe ta daɗe ba ta adana komai. Duk saƙon da take fitarwa in ya ce ta adana, rufewa yake yi ya ci gaba. Aikin makonni ya tafi. Ni ce na je na kira Injiniya, matar da ke kula da na'urorin gidan, ba da son ransa ba.

Ta duba, sannan ta yi masa bayani a hankali. Ta ce memori kamar saman teburinsa ne, ba kamar kantocin ba. Goge-gogen da ya yi kantocin ya rage wa kaya, alhali teburin ne ya cika, domin duk sa'ad da ya buɗe fayil ɗin sai kwamfutar ta baje dubban hotunan nan gaba ɗaya. Ta cire launukan da ya shafa a gidajen da ba komai. Ta ciro memori daga wata matacciyar kwamfuta a ɗakin labarai ta ƙara mata. Ta raba fayil ɗin gida-gida bisa shekaru. Sannan ta ce dole hotunan su fita.

"Rubutun mutanena ne," in ji Kawu. "In an zubar da kwalayen kaset ɗin, shi ke nan ba inda ya rage."

"Ba zan goge ba, Baba. Jaka daban zan yi musu, kowane hoto da lambar kaset ɗinsa. Amma in suna ciki, ba za ka gama ko rabi ba."

Ya kalli allon, ya ɗaga mata kai alamar ya yarda.

Kwamfutar ta warke, tana buɗewa nan take. Lokacin ne bai dawo ba. Kawu ya roƙi manaja ya ƙara masa wa'adi. Mutumin bai yi masa wulaƙanci ba, ya ce an riga an sa hannu da magina, abin da zai iya kawai shi ne ya bar shi ya ɗebi abin da yake so daga ragowar. Na rufe shago na kwana biyu ina karanto masa sunaye yana bugawa, Injiniya ma takan karɓe shi in ta samu sarari. Duk da haka ranar da motar kwasar kaya ta tsaya a bakin ƙofa, kantocin bangon baya ba a taɓa su ba.

Na ga yadda ya yi zaɓen. Ya ɗauki kaset, ya karanta bayansa, ya sa a kwali, ya ciro, ya mayar. Leburori suna tsaye suna jira. Da kwalayensa suka cika sai ya fita ya zauna a kan dakalin mai gadi, ya juya wa motar baya har ta tashi.

Bai daɗe ba ya yi ritaya. Abin da ya shiga jadawali an kwafe shi, har gidan rediyon yana sako wasu da safiyar ƙarshen mako. Mutane na yi masa barka, shi kuwa sai ya fara lissafo waɗanda babu. Kwalayen da ya kwaso suna ɗakin tarkacen Anti, tana mita amma ita ce ta sa musu katako a ƙasa saboda danshi. Duk da haka damina ta fara taɓa wasu. Injiniya takan biyo jefi-jefi ta ɗauki kaɗan ta kwafe a bakin iyawarta. Kafin ta zo, Kawu yakan zauna a tsakar gida da auduga yana goge su ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda suka fi lalacewa don su riga tafiya.